Direban da Ya Gaji Aikin Ƙudan Zuma

Akwai wani direban tasi, mutumin kirki ne wallahi, sai dai ya tsani duk wani abu mai fiffike. Ƙuda ya gilma, ya zabura. Tsuntsu ya yi masa kashi a gilashin mota, ranar ba mai sakewa a gidan. Ya sare reshen da tsuntsaye ke kwana, ya sayo famfon feshi irin na manoma, kullum da yamma yana bin tsakar gida lungu-lungu da maganin ƙwari.

"Kai ɗan nan," in ji mahaifiyarsa, "har malam-buɗe-littafi? Me ya ci maka?"

"Inna, ƙwaro ai ƙwaro ne."

To, Inna tana da kabewa a bayan ɗakinta, irin da ta gada wurin uwarta, bana kuma ta shuka ƙwayoyin ƙarshe da suka rage. Kabewa ta yi yaɗo, ta yi fure gwanin kyau, amma 'ya'yan sai su fito kamar ɗan yatsa, su yanƙwane, su zube.

Wata safiya ta kira shi. "Tsaya ka saurara."

"Ni ban ji komai ba."

"Ai shi na kira ka ka ji. Ba kukan tsuntsu, ba ƙugin zuma. Wa zai ɗauki garin namijin fure ya kai wa macen? Irin uwata zai ƙare a hannuna."

Da ya ga ƙwalla a idonta, sai ya rataye famfo. Ta miƙa masa gashin kaza, ta nuna masa yadda ake yi. Ƙaton mutum, kullum kafin ya fita aiki sai ya tsuguna, yana dangwalar wannan fure yana shafa wa wancan.

"Sannu da aiki, Malam Zuma!" in ji matarsa. "A ɗinko maka fiffike?"

Gwiwa ta yi tsami, baya ya ƙage, duk wahalar nan kabewa ɗaya tal ta tsaya. Da ta ƙosa ya rungumo ta kamar jaririya ya kai wa Inna. Ta fasa, ta shanya irin, ta dube shi tana dariya.

"Allah ya yi maka albarka. Amma baɗi ka bar masu aikin su dawo, kai hannunka nauyi gare shi."

Jama'a, kafin ku kori ƙaramar halitta don ta dame ku, ku bincika wane aiki take yi muku ba ku sani ba. In kun kore ta, aikin kanku zai dawo, kuma ba za ku iya shi kamar ta ba.