Hanyar Yashi ta Kwarin Giginya

An ce a zamanin da an yi wani sarki wanda ƙasarsa ta yi faɗi har ƙararraki suka fi ƙarfin fada. Arewa jigawa ce ta gero da raƙuma, kudu kurmin goro da doya, gabas tafki ne da masunta, yamma kuwa duwatsu, inda maƙera ke haƙar tama. Sai ya ƙudura raba ta gunduma bakwai, kowace da hakiminta. Ya ɗora aikin a kan Malam Tanimu, masani mai gaskiya, wanda aibinsa ɗaya ne, ba ya son ruwa ya taɓa takardunsa. Saboda haka da rani ya zaga ƙasar, ya dawo da taswira a kan fatar bijimi.

Sarki ya yaba. Da faɗuwar damina ya sa aka yi shela cewa kowane dagaci ya je ya yi mubaya'a ga hakiminsa cikin kwana arba'in. Wanda ya ƙi, a tuɓe shi, a tashi garinsa.

Kowa ya je, ban da Barau, dagacin Kwarin Giginya, wanda bai bayyana ba sai da kaka. Hakiminsa, Magaji Jatau, ko ba'asi bai tsaya ji ba. Ya cire masa rawani, ya aiko da shi fada a ɗaure.

Sarki ya tambayi Malam Tanimu nisan ƙauyen da garin hakimi.

Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, rabin yini ne. Da ƙafata na taka. Akwai ma wata shimfiɗaɗɗiyar hanyar yashi a tsakani, ban ga mai kyanta ba a ƙasar nan."

Aka juya ga Barau. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, wata huɗu ne. Wannan da malam ke kira hanya, kogi ne. Manzonku ya tsallaka da safe, ruwa ya iso da la'asar. In ya kawo, ko masu fito da gora ba sa shiga, kuma ba mu da jirgi, don wata takwas a bushe yake."

Fadawa suka yi dariya, don a taswira babu kogi a wurin, su kuwa sun fi yarda da fata a kan mutum. Waziri Gwadabe ne kaɗai bai yi ba. Ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, ina roƙon a jinkirta hukunci zuwa baɗi. In ƙarya ya yi, garin ba gudu zai yi ba."

Barau ya yi rani a kurkuku. Sarƙa ba ta dame shi ba kamar tunanin gidaje tamanin da za a watsa saboda shi. Wannan kam ya ci masa rai ƙwarai.

Da damina ta yi tsakiya, waziri ya shawarci sarki ya ba Malam Tanimu da Magaji Jatau takarda mai hatimi, su kai Kwarin Giginya hannu da hannu, su kawo amsa cikin mako guda. Suka tafi da ƙarfin gwiwa. Aka yi mako uku ba labari. Daga baya ɗan aike ya zo da saƙonsu: suna bakin hanya, hanyar tana wucewa da itatuwa da saiwoyinsu.

Kunya ta kama sarki. Ya sa aka kwance Barau, aka naɗa masa rawani a gabansa. Ya mayar da ƙauyen ƙarƙashin hakimin yamma, tafiyar kwana uku amma duk a tudu. Ya kuma kafa doka cewa ba a sake yanka iyaka sai an taka ta sau biyu, da rani da damina. Su Malam Tanimu kuwa ya ce su zauna inda suke, su ƙirga kwanaki har ruwa ya janye.

Barau ya kama hanyar gida, ya tarar da su a gaɓa, shi ma ba damar tsallakawa. Can hayi mutanensa sun taru, ba su san ko an ce su tashi ba. Ya kira, ƙugin ruwa ya cinye muryarsa. Sai ya warware rawanin, ya ɗaura a kan sanda, ya ɗaga sama. Aka ɗan jima, sannan guɗar mata ta tsallako.