Zabuwa da Ta Koyi Waiwaye

"Ku matso nan, ga ta nan ga ta nanku."

"Ta zo mu ji ta, Iya."

Tsuntsayen wani ƙauye ne suka naɗa Zabuwa shugabar makarantar 'yan tsaki. Ilimi kam ba a magana. Sai dai duk ranar da ta fita da ɗalibai kiwo, sai an nemi ɗaya an rasa. Iyaye suka ce in aka ƙara, za su kwashe 'ya'yansu, makaranta ta mutu.

Zabuwa ta fita neman wanda zai ɗora ta a hanya.

Gizo ta fara gamuwa da shi, uban 'yan son banza. Ya yi ta zuba mata kirari yana dumbuzar geron makaranta. Ta tambaye shi ina kuskurenta, ya rantse ba ta da ko ɗaya. Ta sallame shi.

Ta je wurin Dawisu. Ya baza wutsiya, ya wuni yana labarin makarantun da ya riƙe a birni. Ta roƙe shi ya zo ya ga tata, ya ce raɓa za ta ɓata masa ado.

Sai ta je wurin wata tsohuwar Kaza, wadda ta reni tsaki ba adadi, har da na zabi. Da safe Kaza ta bi su kiwo. Da suka dawo ta ja Zabuwa gefe.

"'Yar nan, gudu kike a gaba, ba kya waiwaye. Raɓa ke jiƙa ƙananan, su maƙale a ciyawa."

Maganar ta yi wa Zabuwa zafi, har ta ƙi cin abinci. Amma washegari ta koma ta durƙusa.

"Inna, koya mini."

Kaza ta koya mata jiran rana ta busar da ciyawa, da tafiya a bayan yara, idonta a kan mafi ƙanƙanta. Ran nan shaho ya kawo sura. Zabuwa na baya, ta hango shi, ta kwarma ihun nan nata mai tsaga kunne. Tsaki suka shige ƙaya, shaho ya tashi hannu wofi.

Da yamma ta shigo gari tana taƙama, ɗalibai cif, kowace uwa ta karɓi nata. Wallahi ni ma ina alfahari da ita.

To, kun ji. Duk wanda aka ba shugabanci, ya nemi mai zuwa ya ga aikinsa ya faɗa masa gaskiya, ko da zafi.

Ƙungurus kan kusu. Kai Ɗantani, gyangyaɗin ya isa, tashi ka rufe akurki.