Kurege Ɗan Aiken Sunan Giwa

Ku matso, ga wata da ɗuminta.

Shekarar da gyaɗa ta ƙi, yunwa ta kusa kar Kurege. Da ya ji Giwa ta haihu, sai ya tsinci tsohon tabarau a juji, ya ɗaura ɓawon ayaba a wuya, ya isa gidanta yana taƙama.

"Ranki ya daɗe, daga Ikko nake. Gayyatar zamani da Turanci ake yinta, ni kuwa Turanci a bakina ya yi rarrafe!"

Giwa, baiwar Allah, ta ba shi aikin.

Ya fara da Kura. "Gwaggo, Giwa na gayyatarki suna gobe. Amma manya sun daina rawar jiki. Ki ce 'Tankiyu, sori,' sai a kawo miki ƙwaryarki har gida."

Kura dai ba ta son a ce mata baƙauya. Ta haɗiye yawu ta ce, "Tankiyu, sori." Haka ya yi wa Damisa, haka ya yi wa Ɓauna.

Da gari ya waye, Giwa ta yi shimfiɗa, ko ƙuda bai zo ba. Wallahi ta ba ni tausayi.

"Duk sun ba da uzuri da Turanci," in ji Kurege. "Zuba musu, ni zan kai."

Ya ja ƙorai bayan suri ya yi ta ɗura. "Ni ne Kurege! Na gayyaci dawa, na sallami dawa, na ci rabon dawa!"

Abin da bai lissafa ba, Giwa ba ta kwana da magana a ciki. Kafin rana ta faɗi ta taka har ƙofar Kura. "'Yar'uwa, me na yi miki kika ƙi sunan ɗana?"

Kura, ido ya faɗa don jira, ta ce, "Ni ina ƙwaryata?"

Suka kira Damisa da Ɓauna, ba a daɗe ba suka iske Kurege yana minshari cikin ƙorai. Ya zabura ya faɗa rami, tumbi ya ƙi shiga. Damisa ta kai masa mari, Ɓauna ya sa ƙaho ya cilla shi tsallaken rafi, cikin ƙaya.

Ya miƙe yana ɗingishi, kai duk ƙulu, ya waiwayo. "Ranki ya daɗe, miyar ta so gishiri! A gyara kafin haihuwa ta gaba!"

Ya ranta a na kare. Nan tawa ta tsaya.