Motar da Ba Ta Jin Abin da Ta Taka

An yi wani mutum a nan ƙasar Haɗeja, falken kifi. Sunansa ba zai shiga takardar nan ba, domin 'ya'yansa suna nan da ransu. Mu kira shi Alhaji, yadda kowa ke kiransa.

Allah ya yi masa arziki ta hanyar ruwa. Yana da babbar mota mai bodin katako. In ruwa ya ja baya sai ya bi ƙauyukan masunta na bakin fadama ya sayi banda, tarwaɗa da ragon ruwa da ƙarfasa, a yi lodi a nufi Kurmi. Masunta sun yarda da shi. Ko wani falke ya riga shi zuwa, sai su ce, "Kayan Alhaji ne." Gidansa ba a kwana da yunwa. Me mutum yake nema bayan wannan?

Amininsa shi ne Alhaji Fannami, Babarbare mai fataucin fatu. Shi kuwa mutumin namu jikan Fulani ne, kakansa ne ya jingine sanda ya zauna gari. Kun san Bafillace da Babarbare, ba a gama gaisuwa sai an tsokani juna.

Bayan an yi canjin hannu a titi, kuɗin fetur ya fara shigowa gari, sai Fannami ya sayi wata motar Amurka a hannun wani Bature mai aikin rijiyoyi da zai koma gida. Ƙarama ce a cikin danginta, silinda shida, sitiyari mai nauyi. Ranar da Alhaji ya ga an kewaye ta ana kallo, abinci bai yi masa daɗi ba. Kafin wata ya ƙare ya sayar da babbar motarsa ta kifi, ya haɗa da jarinsa, ya tafi Ikko. Ya dawo da tasa, ja wur, doguwa kamar kwale-kwale, silinda takwas, salansa biyu, giya mai canja kanta.

Mahaifiyarsa, Iya, ta leƙo daga zauren gidanta ta dube ta. Ta ce, "Kai, wannan. Saniyar tatsa ka sayar ka sayi ingarma?"

Ya yi dariya ya ce, "Iya, motar haya ba ta ƙare a duniya ba."

Ya 'yan uwa, kada wani ya ce mota haramun ce. Ni'ima ce. Kuma motar nan ta isa a so ta. In ya tashe ta, sai ka ji ƙasa na gurnani a tafin ƙafarka. In ya hau burji ya taɓa totur, bishiyoyi sai su zama kamar zana. Yakan sauke gilas, iskar kogi na kaɗa masa riga, ya ji duniya ta yi masa daidai. Har nan babu laifi.

Kullum bayan la'asar sai su ajiye motocin a gindin tsamiyar ƙofar Fannami, a shimfiɗa tabarma, a hau musu.

Alhaji ya ce, "Bawana, ƙarfin doki nawa ne a cikin akwalar nan taka?"

Fannami ya ce, "Ɗari da 'yan kai. Suna kai ni Birniwa su dawo da ni."

"Tawa ɗari uku da ɗoriya."

"To, Fillo, wa ke yi musu ciyawa? Na ga daga nan zuwa Kaugama sai ka shayar da su sau biyu."

Rannan suka yi musaya, kowa ya tuƙa ta ɗan uwansa. Da suka dawo Alhaji ya fito yana dafe da ƙugu. Ya ce, "Wannan ai jaki ce. Kowace tsakuwa sai ta gaishe ka."

Fannami ya ce, "Ƙarfi kam na sallama maka. Na ɗan taka ta sai na ji bayana ya manne da kujera. Amma sitiyarinta kamar ana juya faifai. Ban san ko a kan burji nake ko a kan yashi ba. Ni na fi son motar da ke gaya mini abin da na taka."

Alhaji ya ce, "Ai daɗin ke nan. Mai arziki ba ya jin ƙasa."

Ku riƙe wannan magana. Daga bakinsa ta fito da wasa, amma a zuciyarsa ta sami wurin zama.

Da, in ya shiga ƙauye da babbar mota, a hankali yake tafiya, yana ɗaga hannu. Yanzu sai dai a ga ƙura. Ya bi ta kan shanyar shinkafar mata, bai ji ba. Ya bi ta kan tattasai, bai ji ba. Mutane suka yi ta haƙuri, suna cewa sabon abu ne, zai huce.

Akwai wani ƙauyen masunta da ya fi kowane ba shi kifi. Suna da taru ɗaya na gari duka, wato babbar ragar da ake ja da mutum da yawa. Igiyar tarun nan ta rama ce, kaurinta ya kai damtse, tsawonta kuwa sai ka gaji da tafiya. Ba su kaɗai take yi wa amfani ba. Hanyar rani ta ratsa fadamarsu, kuma duk motar da ta kafe a taɓo, igiyar nan ake ɗaura mata, gari ya tsaya a kan tudu inda ƙafa ke samun ƙasa, a ja da waƙa har ta fito. Babbar motar Alhaji ma ta sha wannan alheri ba sau ɗaya ba.

Wata rana sun baza tarun a fako yana shan rana, Alhaji ya zo a guje ya bi ta kai. Raga ta kece. Igiya ta naɗe a ƙarfen da ke juya tayoyin baya. Mutane na ihu suna ɗaga hannu, shi kuwa ya ɗauka gaisuwa ce. Dawaki ɗari uku ba su san an rataya musu komai ba. Sai da ya isa gida makaniki ya shiga ƙarƙashi da adda ya sassare igiyar guntu-guntu.

Kashegari dattijon masuntan, Baba Inuwa, ya tako har gari. Ya yi sallama, ya zauna a ƙasa. Ya ce, "Alhaji, ba ƙara na kawo ba. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Raga za mu ɗinke. Igiya ce sai rama mai yawa, tamu ta ƙare. Ka taimaka ka kawo mana daga kasuwa, mu tufka kafin ruwa ya zo."

Alhaji yana goge gilas, bai ko juyo ba. Ya ce, "Ni ban ji na taka komai ba. Kuma motata ba ta dakon rama."

Baba Inuwa ya ce, "To, Allah ya ba mu alheri." Ya ɗauki sandarsa.

Fannami ya ji labari ya sami Alhaji. A ranar babu Fillo, babu bawana. Ya ce, "Alhaji, ka je ka ba mutanen nan haƙuri. In taka ba ta dako, tawa tana yi." Alhaji ya ce in ya kuskura ya kai musu ko sili ɗaya da sunansa, amincinsu ya ƙare. Fannami ya kai musu ɗan abin da ya samu da sunan kansa. Mai rabon shan duka ba ya jin kwaɓa.

Kun san halin kogin nan namu. Ba sai an yi ruwa a kanka yake zuwa ba. Daga yamma yake tahowa shiru, ya jiƙa fadama ta ƙasa, samanta kuwa a bushe kamar gurasa.

A irin wannan lokaci aka gayyace su suna a wani gari hayin fadama. Suka ɗauki hanyar rani, Fannami a gaba. Sun wuce tudun ƙauyen Baba Inuwa da kaɗan sai Fannami ya ji sitiyari ya yi masa nauyi, bayan mota na ɗan rawa. Ya taka birki, ya fito yana ɗaga hannu. Ya ce, "Ƙasa ta sha ruwa! Mu koma!"

Alhaji bai ji komai a hannunsa ba. Tasa tana tafiya lumui kamar kullum. Ya danna oda, ya leƙo yana dariya: "Matsa wa manya, bawana!" Ya wuce.

Ya yi nisa a cikin fadamar kafin ɓawon ƙasa ya fashe. Ya taka totur. Tayoyi suka yi ta juyawa suna watsa laka. Ya ƙara takawa. To, a taɓo, ƙarfi haƙa yake yi. Dawakin nan ɗari uku suka haƙa wa kansu rami har ƙofa ta ƙi buɗuwa.

Wa ya fara isowa? Baba Inuwa, da gari duka a bayansa. Babu wanda ya tuna masa da komai. Suka zaro shi ta taga. Suka shimfiɗa zana da ciyawa, suka tura, ƙafafunsu na nutsewa. Aka ce sai igiya. Aka ɗauko sabuwar da suka fara tufkawa, aka ɗaura a gaban motar, aka warware ta zuwa tudu. Ta ƙare a tsakiyar taɓo.

Alhaji ya ce, "Ina sauran?"

Baba Inuwa ya ce, "Iyakar ramar da muka samu ke nan, Alhaji. Mai kaiwa tudu ita ce aka sassare a ƙofar gidanka."

Ba da gatse ya faɗa ba. Da ma da gatse ne, da ya fi sauƙi.

Babbar motar da za ta iya janyo ta kuwa, tuni tana hannun wani. Kafin a samo tarakta, ruwa ya iso. Alhaji yana tsaye a kan tudu, babbar riga duk laka, yana kallo har ruwa ya shafe gilas.

Kaka ta zo, kifi ya samu, ba mota ba jari. Masunta suka sayar wa wasu. Ba gaba suka yi da shi ba, banda ce ba ta jiran kowa. Ya sayar da gona, ya sayar da gida, ya koma zauren Iya. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Motar tana nan. Duk rani rufinta yakan fito, ja ya koma tsatsa. Tarwaɗa sun mai da ita gida, masunta kan zura hannu ta taga su kamo. Baba Inuwa yakan ce ba su taɓa samun matattarar kifi mai kujeru ba sai ita.

Alhaji kuwa, daga baya an sha ganinsa a ƙauyen nan, Fannami ya sauke shi da ɗaurin rama a bayan akwala. Yakan zauna cikin dattawa, ya naɗe wando, yana tufka a cinya har tafinsa ya yi kanta. In an ce, "Alhaji, da zafi?" sai ya ce, "Ina ji. Alhamdu lillahi, yanzu ina ji."

Ya 'yan uwa, ba inji ne ya kayar da shi ba, ba kuma taɓo ba. Malamai sun gaya mana girman kai abu biyu ne, ƙin gaskiya da raina mutane, kuma ya haɗa duka a rana ɗaya a gaban dattijo. Kai da Allah ya ɗaga, ka tambayi kanka: rabonka da jin abin da ka taka tun yaushe? Matarka, maƙwabcinka, wanda ke yi maka dako? In ka ga tafiya ta yi maka laushi ƙwarai, tsaya ka leƙa ƙarƙashi. Wataƙila igiyar da za a janyo ka da ita ce kake ja a ƙasa.

Allah ya karɓi tubarsa, ya ba mu zuciya mai ji tun ƙafarmu tana kan tudu. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuriyarmu. Amin.