Hansai da Masu Sharar Ruwa

Dalilin da ya sa kifi ba ya zama a sabon ruwa, yara, tsabtar wata tsohuwa ce ta jawo. Ku bar leƙen akwatin gilashin nan haka, ku matso ku ji.

A da can, ko a ruwan rijiya ka jefa kifi, zai zauna lafiya lau. Kowane kifi yana yawo da masu shararsa a gadon baya, wasu 'yan halittu ne da ido ba ya gani. Duk ƙazantar da ya saki a ruwa, su suke cinye ta. Santsin jikinsa kuwa nan ne gidansu.

To, akwai wata tsohuwa mai suna Hansai. Da ƙarfinta ya ƙare, ɗanta ya ɗauko ta daga garinsu na bakin kogi, ya kawo ta gidansa can kan tudu. Ba ta taho da komai ba sai 'yar karfasa a ƙwarya. Ta saka ta a randa, kullum tana ba ta dusa, tana yi mata hirar mutanen gida. Duk faɗin garin, kifin nan ne kaɗai ya san inda ta fito.

Sai dai Hansai akwai tsabta, irin wadda ko tsintsiya sai an wanke ta. Rannan ta shafa jikin karfasa ta ji santsi.

"Haba 'yar nan, wannan dauɗa haka?" in ji ta.

Ta ɗauko soso ta yi mata wanka a hankali, ta dirje randar da toka, ta cika ta da sabon ruwa. Ƙauna ce fa ta sa ta, ba mugunta ba.

Bayan 'yan kwanaki ruwa ya gurɓace. Karfasa ta daina cin dusa, ta taso sama tana haki. Hansai ta zubar ta sake wani ruwan, abu sai gaba yake yi. Ta zauna a gindin randa ta fashe da kuka.

Sai ta ji wata siririyar murya daga cikin tsakuwa mai damshi, inda ta watsar da ruwan wankin.

"Iya, mu ne kika kankare."

"Ku su wa?"

"Masu shara. Tun kakannin karfasar nan muke aiki a bayansu, kin zo da soso kin rushe mana gida."

"Wallahi ban sani ba, 'ya'yana. Ku yafe mini, ku koma. In ta mutu, ba ni da sauran na gida."

Muryar ta ce, "Bayan kifi kam mun sauka ke nan har abada. Amma kukanki ya taɓa mu. Ki kwashi tsakuwar nan ki zuba a randa, a cikinta za mu zauna. Mu kaɗan muka tsira, sai mun hayayyafa aiki zai yiwu. Ki rage mata abinci, ruwa kuma ki riƙa sakewa kaɗan-kaɗan. Soso dai, Iya, kar ya ƙara shiga."

Hansai ta yi yadda suka ce, amma ta sha wuya. Cikin randa ya fara santsi, hannunta na ƙaiƙayin ɗaukar soso, sai ta danne shi da cinya. Matar ɗanta ta leƙa ta riƙe baki.

"Iya, yau randarki ce haka? Kawo in wanke miki."

Hansai ta rungume randa. "Kar ki taɓa! Akwai baƙi a ciki."

Makonni suka shuɗe tana jira da fargaba. Wata safiya ta ɗaga faifai, sai ga ruwa garau har ana ganin tsakuwa. Ta barbaɗa dusa, karfasa ta taso da gudu ta cafke. Tsohuwa ta yi ta dariya har da hawaye, don daɗi.

Labari ya kai kogi. Masu shara duk suka sauka daga bayan kifaye suka shige cikin tsakuwa, wai kar wata rana soso ya iso gare su.

Shi ya sa har yau, in an kawo sabon akwatin kifi gida, ba a saka kifi a ranar. Sai a zuba tsakuwa, in da hali a roƙo wadda ta daɗe a gidan wani kifin, a barbaɗa ɗan abinci, a bar ruwa ya yi makonni. Don haka ku daina tura baki. Akwatin nan da kuke gani wayam, masu shara na can suna shigowa da kayansu, ku ne dai ba ku gani.