Askin da Kondamma ta yi wa mijinta

Kondamma mace ce mai zuciya, kuma ba wanda zai ce ba ta da gaskiya. Aibinta ɗaya ne: in ta ga idon jama'a a kanta, ba ta iya ja da baya. Ni maƙwabciyarta ce, katanga ɗaya ta raba mu a ƙauyenmu na yankin Nellore, don haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba, gani na yi.

A shekarun nan giya ta gama da mazanmu. A 'yar leda ake sayar da ita, har bakin gona ake kai musu a kan keke. Mijin Kondamma, Penchalayya, yana cikin masu sha, amma ba mugu ba ne. Bai taɓa ɗaga mata hannu ba. In ya bugu, gindin tsamiya yake zama yana yi wa shanun nomansa waƙa. Ita kuwa tana son mutumin nan kamar ranta. Don shi ta fara ɗaukar tsintsiya da garin barkono ta je ta tsaya a bakin shagon giya. Muka mara mata baya, mu mata arba'in da wani abu, ta zama shugabarmu. Muka tare motar da ke kawo kayan, muka zubar a kwata, har aka rufe shagon. Wasu ƙauyuka ma suka kwaikaye mu. Kai, har masu neman ƙuri'a, waɗanda jiya suke raba ledar kyauta, suka zo suna rantse mana cewa ko warinta ba sa so!

Muka kafa doka: duk wanda aka kama a buge, a aske masa rabin kai, a rataya masa tsofaffin takalma a wuya, a zaga gari da shi a kan jaki.

Penchalayya ya daina sha. Wata uku cur ko ɗigo. Kondamma har ƙiba ta yi. Sai ranar nan maciji ya sari babban sansa, ya mutu a gona. Mutumin nan ya bi hanya zuwa ƙauyen da ba a rufe shago ba, ya dawo da tsakar rana yana tangaɗi. Ranar ce kuma wasu mata daga birni suka zo da ɗan jarida don su ga Kondamma.

Na ja gefen zanenta, na ce, “Yaya, shigar da mijinki ɗaki ki ja ƙofa. Wata uku fa ya yi bai sha ba.”

Tsohuwa Mastanamma ma ta ce, “'Yar nan, sansa ne ya mutu. Bar shi ya wartsake, gobe kya ja kunnensa.”

Wallahi na ga ta yi laushi. Sai wani da muka aske satin da ya wuce ya ɗaga murya: “Ahaf! Dokar ta kawunanmu ce kaɗai? Ko gashin mijin shugaba na zinariya ne?”

Aka fashe da dariya. Kondamma ta dubi baƙi, ta dubi ɗan jarida. A wajenmu mace ba ta kiran sunan mijinta, amma ta buɗe baki a gaban kowa ta ce, “Penchalayya! Zo nan ka zauna.”

Wanzami ya ce shi dai hannunsa ba zai iya ba. Ta karɓe askar.

Penchalayya ya ɗago kai, giyar ta sake shi. Ya ce, “Maman Sujata, ke da hannunki?”

Ta aske. Aka ɗora shi a jaki, aka bi layi-layi, 'yarsu Sujata tana leƙe ta taga. Washegari da sassafe ya hau motar farko, bai ɗauki ko riga ta biyu ba.

Da farko Kondamma cewa take, “Yunwa za ta dawo da shi.” Damina ta zo ta wuce. Ta daina zuwa taro. Kullum da yamma sai ta zauna a bakin hanya inda mota ke tsayawa, tana duban masu sauka ɗaya bayan ɗaya. Ta sha ce mini, “Da na ja ƙofar nan, da yanzu yana ciki.” Ni ma ina kewar waƙarsa.

Bayan shekara tara, ƙanena ya gamu da shi a birnin Madras yana dako a bakin teku. Ya dawo da saƙo, Kondamma ta taho da gudu ko takalmi babu. Ya ce, “Yana lafiya. Ya ce in gaya miki tun ranar nan bai ƙara sha ba. Ya ce bai riƙe ki ba, amma ƙafarsa ba za ta iya taka layukan nan ba.” Ta zauna daɓas a ƙasa. Ta bi shi Madras sau biyu, ba ta same shi ba.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, yaƙi da mugun abu daidai ne, kuma ba ma nadamar rufe shagon nan. Amma wanda ya tashi gyaran mutum ya tuna cewa mutumin yake so ya tsira. In ɗan'uwanka ya yi tuntuɓe yana kan hanyar gyara, ka rufa masa asiri, kada kallon jama'a ya sa ka tozarta shi. Kondamma ta raba mijinta da giya, amma ta raba shi da gida, kuma har ta tsufa ba ta daina jiransa ba.