Zanen Fuskar Ƙyanda

Ga ta nan tafe, ku gyara zama.

Ƙyanda ƙwayar cuta ce, ɗan mitsitsin da ido ba ya gani, amma cikinsa rijiya gaba dubu. Wata rana yunwa ta kai shi ƙofar hancin Ladidi, domin jikin mutum gari ne guda, masu gadinsa kuwa fararen karnukan jini.

"Wane ne?" in ji babbansu, Tunau.

"Ɗan ƙura ne, iska ta jefo ni. Inuwa kawai zan sha."

Suka buɗe. Gogan naku ya ci, ya hayayyafa, Ladidi ta kwanta, jiki duk ƙuraje. Kafin karnuka su gane shi su kore shi, ya yi ƙiba har da tumbi.

"Ni ne Ƙyanda, baƙon da ke cin tuwo ya haɗa da akushi!"

Shekaru suka shuɗe, Ladidi ta girma. Yunwa ta sake murɗa Ƙyanda, ya tuna daɗin garin nan.

Da gari ya waye ya sha babbar riga, ya naɗa rawani, ya ja amawali har hanci, ya koma ƙofar garin. Ƙananan karnukan da ba su san shi ba suka zube gaisuwa. Ransa fes.

Sai ga Tunau, ya tsufa, yana dogara sanda.

"Maraba da Alhaji! Yara, baƙo bai shiga gari da ƙishirwa. Ku kawo fura."

Wayyo kwaɗayi! Ƙyanda ya sauke amawali ya kafa kai a ƙwarya. Tunau ya ƙura wa kuncinsa ido.

"Zane uku a dama, ɗaya a hagu. Alhaji, ba kai ne ɗan ƙuran nan ba?"

"Baba, kama ce! Ƙanena ne."

"To kai wa ƙanen naka saƙo."

Tunau ya yi haushi ɗaya. Kafin ƙiftawar ido karnuka sun cika ƙofa, kowa da haƙoran da aka wasa daidai wuyan Ƙyanda tun wancan zuwan. Riga ta yage, rawani ya warware, gogan ya fito da rarrafe.

Daga nesa ya juyo yana shafa ƙulu. "Dama furarku ta yi tsami! Ni ne na ƙi ku!"

Ladidi kuwa atishawa ɗaya ta yi, ta ci gaba da dakanta.

Ƙurunƙus, kan mai rawanin aro.